Inci 14 da rabi

Shaddar Alhaji tana rataye a shagona lokacin da aka zo min da labarin rasuwarsa. Yadi goma ce, ruwan toka. Ya kawo ta kafin ya tafi Kano da goro, ya ce babbar riga yake so da 'yar ciki da wando, kuma kada in zaunar da shi a benci ranar jajibiri kamar bara. Ya dawo Kumasi ta mota, kwana uku a hanya, azumi ya riga ya kama. Da ya leƙo shago yana ɗingishi, ya ɗage ƙafar wando ya nuna min ƙafarsa ta hagu. Ta cika tam tun daga idon sawu har gwiwa, fatar tana sheƙi kamar an shafa mata mai. Ya ce gajiyar hanya ce, yara suna matsa masa da man kaɗanya da dare. Na ce Allah ya sawwaƙe, na mai da kaina kan keke. Kwana huɗu bayan nan, yana cikin alwalar la'asar, numfashi ya sarƙe masa. An kai shi asibiti da ransa, amma bai ga asuba ba.

A wajen zaman makoki babban ɗansa ya faɗi abin da likitoci suka gaya musu: jini ne ya daskare a jijiyar cikin ƙafa saboda dogon zaman mota, gudan ya ɓalle ya bi jini har huhu ya toshe hanya. Wani na kusa da ni ya taɓa gwiwata ya ce, "Masta, to kai ma sai ka yi hankali, ku teloli ai kun fi direba zama." Da wasa ya faɗa. Maganar nan ita ta raka ni gida.

Shekarata 22 ina ɗinki a unguwar Aboabo, nan Kumasi. Duk telan zango ya san yadda azumi yake: daga idar da sallar asuba ka hau kujera, ba za ka rufe shago ba sai wajen ƙarfe ɗayan dare. Azumin 2024 kuwa a watan Maris ya faɗo, zafi kamar ana gasa mutum a kwanon rufi. Tun da na sayi keken lantarki na ajiye tsohon Butterfly ɗina na ƙafa, zaman ya zama zama na gaske. Ƙafar dama tana ɗan taɓa feda, ta hagu kuwa tana nan a yashe ƙarƙashin tebur tun safe har dare. A daren da aka yi addu'ar uku na ji wani ɗan tsami a sharaɓar hagu. Na ce shi ke nan, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Na ɗauki waya bayan tarawihi. Abin da na fara cin karo da shi shi ne binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007, wanda ya ce tafiyar da ta kai awa huɗu mutum yana zaune tana ninka haɗarin daskarewar jini sau biyu. Ninki biyu! Ni da nake yin awa goma sha huɗu? A ƙasan wannan layin an rubuta cewa duk da haka abin bai wuce kamar mutum 1 cikin 6,000 ba, amma wallahi sai bayan wata guda, da na koma shafin, idona ya ga wannan adadin. Mai tsoro yana karatu ne kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, abin da yake nema kaɗai yake gani.

A wani wajen kuma na ga an ce ana auna kaurin sharaɓa a gwada da ɗayar. To ga tela, ga tef a wuya.

Na buɗe sabon shafi a bayan littafin awon kwastomomi, na ja layi biyu, hagu da dama. Awon farko: hagu inci 14 da rabi, dama 14 da kwata. Kwatan incin nan ya hana ni barci. Da sahur na sake aunawa suka zo daidai. Da azahar hagu ta sake fin dama. Ni da na san sarai cewa in ka ɗaga tef sama da faɗin yatsa ɗaya, ko ka ɗan ja shi, awo ya canza, ni da nake yi wa yaran shago faɗa kan haka kullum, sai ga ni ina shiga bayan labulen gwaji sau bakwai, sau takwas a wuni, ina naɗe wando. Tsakanin awo da awo kuma ina danna wajen da babban yatsa in ji ko da zafi. Naman da ake dannawa sau hamsin a rana yaya ba zai yi zafi ba? Na ɓata wuyan kaftani biyu a satin nan, ɗaya sai da na sayi yadi na biya.

Mma, mahaifiyata, ta ce a kira wanzami ya yi min ƙaho a fitar da mataccen jinin. Ni kuma na tafi shagon magani na ce a ba ni asfirin, don na karanta yana tsinka jini. Mai shagon tsohon sani ne, ya san ina da gyambon ciki. Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce asfirin a cikin da ya wuni babu komai, ga olsa, ashe jinin nake so in gani da idona. In ina zargin ƙafa, in tafi asibiti. Na fito ina jin haushinsa.

Daren goma sha tara ga azumi na farka wajen ƙarfe biyu, zuciyata na dukan uku-uku, numfashi kamar ba ya kaiwa ƙasa, yatsuna sun yi sanyi suna tsira. Na tashi uwargida na fara gaya mata wanda nake bi da wanda yake bi na. Ta ce mu tafi asibiti yanzu, na ce a'a, a bari gari ya waye. Ta zauna tana min fifita tana karanta abin da ya sawwaƙa, cikin kamar minti ashirin abin ya lafa. Da safe ta ɗauko katin inshorar lafiyata, wanda ashe ita ta sabunta min shi ta *929# da kuɗin MoMo ɗinta na waya ban ma sani ba, ta tare pragya, wato keken haya mai ƙafa uku, ta ce, "Baban Zainab, ko ka shiga ko in kira Mma."

Wani asibitin gwamnati muka je. An ciro kati, aka tura ni teburin nas. Ta ce, "Alhaji, miƙo hannu." A asibitin Kumasi duk mai hula Alhaji ne, ban tsaya gyara mata ba. Ta auna hawan jini, ta maƙala min wani ɗan abu a yatsa mai nuna yawan iskar da ke cikin jini, ya nuna 98. Bugun zuciya 104. Sai benci. Mutumin da ya zo don tsoron dogon zama, aka zaunar da shi awa huɗu. Na riƙa tashi ina zagaya baranda har wata tsohuwa ta tambaye ni da Tonanci, yaren mutanen Asante, ko basir ne ya hana ni zama.

Likitar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ta uku ba. Ta ce, "Wofa, me ya kawo ka?" Wofa kawu ke nan da Tonanci. Na ajiye mata littafin awo a tebur. Ta buɗe shafin, ta bi lambobin da ido har ƙasa, ba ta yi dariya ba, kuma har yau ina ganin girmanta saboda wannan. Da na ba ta labarin daren jiya sai ta ɗaure fuska. Ta ce alamu sun nuna firgici ne, amma ni ba ni da hanyar sanin haka a ɗaki. Wanda yake zargin gudan jini a ƙafa, sannan numfashi ya ɗauke masa farat ɗaya, ba ya jiran safiya. Ko a kira 112, ko a nemi mota a lokacin.

Daga nan ta shiga tambayoyi, tana yi tana ɗan maki a takarda. An yi min tiyata a 'yan watannin nan? Na kwanta ciwo kwana uku ko fiye ban tashi ba? An taɓa sa min filasta a ƙafar? Ciwon daji? Na taɓa samun gudan jini a baya, ko wani a gidanmu? Ina da sikila? Duk na ce a'a. Ta ce da mace ce da ta tambayi ciki, da jego, da ƙwayar tsarin iyali mai sinadarin istirojin. Wasu daga cikin tambayoyin na wani lissafi ne da likitan Kanada mai suna Wells ya tsara, ana tara maki a ga ko zargin mai ƙarfi ne ko mai rauni.

Sai ta buɗe durowa ta ciro tef. Na ji kamar in ce mata ga nawa, ya fi naki kyau. Amma yadda ta yi awon ya ba ni kunya a sana'ata. Ta laluba ɗan tudun ƙashin nan da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, ta auna santimita 10 zuwa ƙasa, ta ɗiga biro, ta yi haka a ɗaya ƙafar, sannan ta zagaya tef daidai kan ɗigon, ba ja ba sako-sako. Bambancin bai kai santimita ɗaya ba. Ta ce abin da suke ƙirgawa shi ne ya haura santimita 3, wato fiye da inci guda, kuma da wuya ka sami mutumin da ƙafafunsa biyu suka zo daidai cif. Ta danna ƙwaurina da yatsa ta ɗaga, bai bar rami ba. Ta sa bayan hannu ta ji ɗumin wannan da na waccan. Ta matsa inda nake cewa yana ciwo ta ce nama ne, kuma ga shatin yatsana nan a kai.

Na ce, "Dokta, to zaman fa?" Ta juya bayan takarda ta zana min ƙafa. Jinin da ya sauka ƙafa sai ya hau tudu kafin ya koma zuciya. Abin da yake tura shi shi ne naman sharaɓa: duk takun da ka yi, naman yana matse jijiyoyin da ke can ciki, su kuma suna da 'yan ƙofofi masu buɗewa sama kawai, jini ya wuce ba ya dawowa. In ka zauna gwiwa a lanƙwashe ba motsi, jinin sai ya yi kwance. Ta ce tun ƙarni na 19 ake jingina wa wani likitan Jamus, Virchow, abubuwa uku da ke kawo daskarewa: jini ya rage gudu, ko bangon jijiya ya ji rauni, ko jinin kansa ya zama mai saurin kamawa. Zama yana kawo na farko ne. Ga mai lafiya wanda yake tashi salla, yake tashi guga, yake taka ƙafa zuwa gida, da wuya zama shi kaɗai ya isa, galibi sai ya haɗu da wani dalilin. Ƙaho kuwa, ta ce a gaya wa Mma cikin ladabi, jinin fata yake ja, ba ya kusantar jijiyar da ake magana. Kuma ƙafar da ake zargi ba a matsa ta.

Na yi shiru, don na tuna man kaɗanya. Na ba ta labarin Alhaji tun daga farko. Ta ce ba ta ga ƙafarsa ba, amma irin wannan in an zo da wuri akwai maganinsa: allurar hefarin, ko ƙwayoyi irin su warfarin da ribaroksaban, a sha aƙalla wata uku. Sannan ta tambaye ni, "Ranar da ya nuna maka ƙafar, ka nemi tef kafin ka san ta kumbura?"

Ban nema ba. Daga kan kujerata na gani, na ce Allah ya sawwaƙe.

Ta ce ba kowane gudan jini ne yake fitowa fili haka ba, akwai mai zuwa shiru, shi ya sa ba za ta sallame ni da baki kawai ba. Ta rubuta gwajin jini mai suna Di-daima. Ta yi min bayani tun kafin in je: gwajin yana neman ɓurɓushin da gudan jini yake bari ne in jiki yana narkar da shi. In ya fito ƙasa, ga makina kuma ƙasa, an rufe magana. In ya fito sama ba hujja ba ce, don zazzaɓi ko rauni ko tsufa ma suna ɗaga shi, sai dai a wuce zuwa hoto. A wani ɗakin gwaji na waje aka yi, da kuɗina. Na kira Malam daga bakin ƙofa, ya ce ɗibar jini don gwaji ba ta karya azumi. Washegari sakamako ya fito ƙasa. Likita ta ce in koma bakin aikina.

Da a nan na tsaya da na huta da asara. Amma a pragya, kafin mu kai Asawase, wata murya ta ce min: in injin ya yi kuskure fa? Kwana biyu ina kokawa da ita, a na uku na koma na roƙi takardar hoto. Likitar ta ce ba na buƙata, kuma tana tsoron ba zai ba ni abin da nake nema ba. Na nace, ta rubuta. Na tafi wajen Bantama, inda wuraren hoto suke kewaye da Gee, wato asibitin koyarwa na Komfo Anokye, na biya abin da ya kai ladan ɗinkin babbar riga biyu, ana saura kwana shida Salla.

Ɗakin da duhu-duhu da sanyin na'ura. Aka ce in cire wando in ɗaura zane, in kwanta in ɗan karkatar da gwiwa waje. Mai hoton ya matsa min wani ruwa mai kauri, sanyi ƙalau, tun daga matsematsi, ya ɗora kan na'urar. Da ya ga ina ta miƙa wuya sai ya juyo min da allon. Baƙaƙen ƙwayoyi biyu ne kusa da juna a cikin toka-toka. Ya ce wannan mai harbawa ita ke kawo jini daga zuciya, wannan mai faɗin ita ke mayarwa. "Duba." Ya danna. Mai faɗin ta rufe ruf, kamar bakin aljihu in ka haɗe shi da yatsa biyu, ɗayar tana nan tana harbawa. Ya saki, ta buɗe. Ya ce da akwai gudan jini a ciki da ba za ta rufu ba. Haka ya bi cinya yana dannawa yana saki, taki kaɗan kaɗan kamar mai bin layin alli, har bayan gwiwa, har sharaɓa. Can ya kunna kala, ja da shuɗi suka bayyana, ya cafki sharaɓata ya matse, sai na ji na'urar ta yi "fuuu" kamar iskar hadari ta shigo ta taga. Ya ce jininka ke nan ya wuce sama. Minti ashirin, aka miƙo min takardar goge jiki.

Na fito kamar an sauke min buhun siminti. Na sayi kankana na kai gida.

Kwana huɗu sauƙin ya yi. Ana gobe jajibiri na ji tsami a sharaɓar dama, wadda ba a yi wa hoto ba.

Bayan Salla na koma wajen likitar, ban kawo littafi ba don kunya. Ta ce dama ta sa ran ganina. Ta ce abin da ke damuna yana da suna a wajensu, damuwa ce kan lafiya, kuma ciwo ne na gaske ba shagwaɓa ba. Duk lokacin da na auna, ko na danna, ko na buɗe waya, ko na yi hoto, hankalina zai kwanta na ɗan lokaci, sai ƙwaƙwalwa ta koyi cewa awon ne ya cece ni, gobe ta nemi ƙari. Bugun zuciyar da sarƙewar numfashin daren nan ma tsoron ne ya kawo su, su kuma suka ƙara wa tsoron wuta. Ta rubuta min abin da zai dawo da ni da gudu: ƙafa ɗaya ta kumbura ana gani, ko ta yi zafi da ɗumi ko ta sauya launi, ciwon yana ƙaruwa ba ya tafiya; ko numfashi ya ɗauke farat ɗaya, ko ciwon ƙirji mai tsananta in an ja numfashi, ko tari da jini, ko suma. Ban da waɗannan, ba tef, ba danna, ba Google. In na kasa cikin wata guda, akwai masu ba da shawara kan damuwa a asibiti, za ta haɗa ni da su, kuma ba wai an ce na haukace ba ne.

Da na kwashe wannan na gaya wa Malam bayan magariba, sai ya yi murmushi ya ce ai waswasi ne ta faɗa min da Turanci. Ya tuna min da hadisin mutumin da yake jin kamar alwalarsa ta karye a cikin salla, aka ce kada ya fita sai ya ji sauti ko ya ji wari. Ya ce ya san masu yin alwala sau biyar kafin kabbara ɗaya, kuma bai taɓa ganin wanda alwala ta shida ta warkar ba. Ban ji daɗin kwatancen ba a lokacin, don ni a ganina ilimi nake bi.

Satin farko ya yi wuya ƙwarai. Hannu yana kaiwa wuya da kansa. Na koma rataye tef a ƙusa kusa da babban yarona, in zan auna kwastoma in karɓa, in na gama in mayar. Ban gaya masa dalili ba, amma yaran shago ba abin da ba su sani ba. Na yage shafin nan na bayan littafi. Na matsar da teburin guga can ƙarshen shago yadda dole in tashi, na kuma daina aiken yaro sayen zare da maɓalli, ina zuwa da ƙafata. Tsohon Butterfly na sa aka ciro shi daga ƙarƙashin tarkace, aka sa masa mai da sabon bel. Da na gaya wa likitar ta yi dariyar da ta riƙe tun ranar farko, ta ce taka keken ƙafa ai shi ne motsin da suke koya wa masu doguwar tafiya su riƙa yi a kujera, dunduniya sama, yatsu sama. Ina yin ƙananan ayyuka a kansa, ko ba komai ranar da aka ɗauke wuta ba na zaman jira.

Tsoron bai tafi gaba ɗaya ba. Yakan leƙo, musamman in na ji an yi mutuwar fuju'a a unguwa. Sau biyu na karya doka na auna. Abin da ya canza sosai shi ne bakina. Wani direban babbar mota mai zuwa Wagadugu ya zo karɓar ɗinki yana jan ƙafa, na sa shi ya ɗage wando a gaban mutane, na ce ba zan ba shi kayansa ba sai ya je an duba. Ƙurji ne ya yi ruwa, ya dawo yana min tsiya. Na ce ya yi ta yi.

Shaddar Alhaji ta kai har bayan Babbar Salla a rataye, na riga na yanka ta, ban haɗa ba. Ban iya kai musu ba, su ma ba su tambaya ba. Ran nan sai ga babban ɗan ya shigo, muka gaisa, ya ɗaga kai ya gan ta. Ya ce mahaifiyarsu ta ce in zai yiwu a rage ta ya sa. Babbar riga ba ta da matsala, 'yar ciki da wando ne sai an taɓa, don Alhaji ya fi shi jiki. Na ce wa yaro ya miƙo min tef daga ƙusa. Kafaɗa 18, hannu 25, tsawon wando 41. Na rubuta a ƙasan awon mahaifinsa, a shafi ɗaya, na ce ya dawo ranar Alhamis.